Na'ura Za Ta Kama Mai Giya, Wa Zai Kama Mai Ƙwaya?

Jama'a, duk mai bin hanyar Legas zuwa Ibadan ya san ganin tirela a kife, tumatir ko albasa sun watse a kan titi, ba baƙon abu ba ne. Wasu haɗurran daga lalacewar hanya ne, wasu daga gajiya. Amma akwai waɗanda tushensu abin da direba ya sha ne kafin ya tashi daga tasha.

A Turai an daɗe da samar da wata na'ura da ake haɗawa da makunnin mota. Direba zai hura mata iska, idan ta ji barasa ta wuce ƙima, motar ba za ta tashi ba. Faransa ta wajabta ta a manyan motocin safa tun 2015. Amurka kuma ta yi doka a 2021 da ke neman a sa irin wannan fasaha a sababbin motoci.

Mu ma za mu iya. A 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Me zai hana a fara da tankokin mai da tireloli da motocin fasinja masu tafiyar dare? Kuɗin na'urar bai kai ran mutum ɗaya ba.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu da cewa mu ba mashaya giya ba ne. Na'urar nan barasa kawai take ji. Ba ta jin tiramol, ba ta jin kodin, kuma mun san wasu yaranmu direbobi da 'yan acaɓa da su suke korar barci. Wanda ƙwaya ta ɗauke wa hankali, da mai maye duk kanwar ja ce a kan sitiyari.

Don haka aikin biyu ne. Gwamnati ta kawo doka da na'ura, ta kuma kori masu sayar da giyar leda daga tashoshi. Mu kuma, shugabannin ƙungiyoyin direbobi da sarakunan Hausawa da masu motoci, mu daina ba da makulli ga wanda muka san yana shaye-shaye, ko ɗan wane ne. Mai kaya shi ma ya daina matsa wa direba sai ya iso Mile 12 kafin asuba, domin wannan matsin ne ke tura da yawa ga ƙwaya.

Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, amin.