Kada Mu Sare Itace Don Noman Naman Kaza

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in jawo hankalinku ga wani noma da ba mu saba da shi ba a Gwandu da Kalgo, watau noman naman kaza. Shi ne tsiron nan da kan fito a jikin ruɓaɓɓen kututture da damina, wanda yara ke kira laimar kwaɗi. Wani irinsa guba ne mai kisa, wani kuwa abinci ne mai gina jiki, har ana sayar da shi da tsada a manyan birane.

A Japan da Sin manoma sun daɗe suna noman wani iri mai suna shiitake a jikin gungume. Sukan huda itacen, su cusa iri a ramukan, su jira wata 6 zuwa shekara ɗaya da rabi kafin ya fito. Wanda ya ji wannan sai ya ce, to, mu ma mu ɗauki gatari. Ni a ganina kuskure ne, ga kuwa dalilaina.

Na farko, itace ba shi da abinci mai yawa. Naman kaza yana bukatar naitirojin, sinadarin nan da muke saye a cikin takin yuriya. A busasshen katako galibi bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 1000 ba. Ɗan abin da ke akwai ya fi yawa a ɓawo da farin itacen da ke kusa da shi, zuciyar kuwa sai kaɗan. Ko gawo, da ya yi suna wajen ƙara wa gona ƙarfi, a ganye da 'ya'yansa naitirojin ya fi taruwa. Kirya da maɗaci kuma zuciyarsu ba ta ruɓa da wuri, shi ya sa ake sassaƙa turmi da kirya. Shi kuwa naman kaza da ruɓar da itace yake rayuwa. Itacen da ya ƙi ruɓa, me zai ba shi?

Na biyu, yanayinmu ba irin nasu ba ne. Dole gungumen ya zauna da danshi watanni da yawa, kuma shiitake sanyi yake so. Mu kuwa iskar hunturu busar da kome take yi, da bazara kuma zafi kan wuce digiri 40.

Na uku, itatuwanmu ƙarewa suke yi. Jihar Kebbi tana cikin jihohi 11 na Arewa da ake dasa itatuwa a cikinsu don tare hamada. Yaya za a yi wasu na dasawa, mu muna sarewa?

To, mene ne mafita? Tana nan a fadamarmu. Allah ya albarkace mu da shinkafa, har a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manomanta rance a 2015. Karan shinkafa ya fi katako naitirojin sau da yawa, dusarta kuwa tana da kamar kashi 20 cikin 1000. A Tailan da kudancin Sin akwai irin naman kazan da ake nomawa a kan karan shinkafa zalla. Zafin digiri 30 zuwa 35 yake so, kuma cikin kamar mako 2 ake fara tsinka. Akwai kuma irin da ake kira oyista, wanda kan fito cikin wata ɗaya ko ɗaya da rabi. Akan yanka karan, a jiƙa, a turara shi a durom don kashe fumfuna. In ya huce sai a gauraya da iri, a ɗura a leda, a ajiye a ɗaki mai inuwa ana yayyafa ruwa. Ana ƙara dusa kaɗan, amma kada a cika, domin in naitirojin ya yi yawa fumfuna ce za ta riga cinyewa.

Wani zai ce ai karan shinkafa abincin shanu ne. Gaskiya ne. Amma wanda ake ƙonawa a gona bayan girbi kaɗai ya isa a fara, kuma abin da ya rage bayan an gama tsinka taki ne mai kyau.

Saboda haka ina roƙon ƙungiyar matasa manoma ta makarantarmu ta gwada wannan da damina mai zuwa. Ina kuma roƙon malaman Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, ga ta nan a Kalgo, su taimaka mana da iri mai tsabta. Ku kuma iyayenmu, don Allah ku hana yara tsinkar na daji, domin ido ba ya iya rarrabe mai guba da na ci. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu yi amfani da karan da muke da shi, mu bar wa ƙannenmu inuwar gawo.