Bokan Littattafanmu Ba Ɗan Ƙasar Nan Ba Ne

Makon nan da bokan da ke cikin littattafanmu nake faɗa. Kun san shi: yana zaune a kogon dutse da jan ƙyalle a kai da ƙoƙon kan mutum a gabansa, kishiya na shigowa ya kece da dariya, ya ce ya san abin da ke tafe da ita. Wannan mutumin ba a Gummi yake ba, ba a Anka ko Bukkuyum ba. Daga fina-finan kudu muka aro shi, kamar yadda fina-finan Amurka suka mayar da Budu 'yar tsana da allura, alhali a Jamhuriyar Benin addini ne da hukuma ta amince da shi tun 1996, har da bikinsa a birnin Wida kowace Janairu.

Ku shiga kasuwar Gummi ku tsaya wajen masu magani. Mutum ne a zaune kan tabarma, gabansa sassaƙe da saiwoyi, tazargade, hano na hayaƙi, ƙayar beguwa, busasshiyar fata, farin wuri. Ana taya kaya, yana cewa albarka. In an kira salla ya rufe da buhu ya tafi. Masu zuwa wajensa kuwa mafi yawansu uwa ce da yaro mai zazzaɓi, ko magidanci mai ciwon baya. Kishiya mai neman kashe mutum ita ce ƙalilan, amma ita kaɗai muke rubutawa.

Sai cakuɗa sunaye. Boka daban, ɗan bori daban, malamin tsibbu daban, mai maganin gargajiya daban, mu kuwa duk mun zuba su a tukunya ɗaya. Bori yana da tsarinsa. Masu shi suna cewa iskoki na zaune a birnin Jangare ƙarƙashin Sarkin Aljan Sulaimanu, kowane da halinsa da kiɗansa. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai ado da caca da ɓarnar dukiya. Malam Alhaji tsoho ne mai tari da carbi. Sarkin Rafi mai hauka ne da tsalle. Wanda iska ke hawa ana ce masa doki, mace godiya, kuma ba a zama haka sai an yi girka. Garaya ko goge ke kiran iska, atishawa ke nuna ta sauka. Inna kuwa tana bakinmu kullum ba mu lura ba: duk wanda ya ce "shan inna" ya ambace ta, don da ita ake dangantawa da shanyewar ƙafar yaro. Ma'aikacin rigakafi ma da sunan yake yawo gida-gida.

Abin kunyar shi ne baƙi sun riga mu. Tremearne ya fitar da littafi a kan bori a 1914, Greenberg ya rubuta a kan Maguzawan Kano a 1946, Besmer ya biyo a 1983. Mu da abin yake bayan gidanmu, daga talabijin muke kwafa.

Na san za a ce ina tallata shirka. Ni Musulmi ne, kuma hukuncin zuwa wajen boka ba ɓoyayye ba ne, balle a jihar da ta ƙaddamar da Shari'a a 1999. To amma Nana Asma'u ta fi mu ƙin bori, kuma sai da ta san shi ciki da waje. Ta gane mata na zuwa can ne don ciwo da kaɗaici da rashin mai saurarensu, shi ya sa ta kafa 'Yan Taru, ta sa wa jajinta malfa irin ta Innar Gobir, shugabar masu bori, don matan ƙauye su gane shugabanci ya sauya hannu. Bokanka mai dariya ba ya tsoratar da kowa, domin matar da ke shirin zuwa gobe ta san wanda za ta tarar ba haka yake ba. Zai gaishe ta da ladabi, ya tambayi yara, ya saurare ta awa guda, abin da mijinta bai yi ba a shekara.

Wanda ke da babin boka a littafinsa ya ɗora shi a ƙasa mu duba tare kafin Juma'a.