Zauren Masu Karatu: Kirista da haddar Littafinsa

Kowane wata wannan zaure yakan duba wani amfani da karatu ke yi wa mutumen karkara. An yi maganar karanta takardar likita. An yi maganar rubuta wasiƙa da lissafin buhunan albasa. A wannan wata magana ta zo kan Littafi Mai Tsarki na Kiristoci, da yadda wanda ya fito ajin yaƙi da jahilci zai karanta shi, ya gane shi, ya kuma haddace.

Kiristoci ba su da yawa a Nijar. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna ba su kai mutum 1 cikin 100 ba. A ƙasar Madawa da Buza da Keita ma tsiraru ne. Wannan ƙaranci shi ya sa maganar take da nauyi. Wanda ke zaune nesa da majami'a yana iya yin makonni bai ji wa'azi ba. Makiyayi yana daji da bisashe. Ɗan cin rani yana Najeriya ko Abijan ko Libiya. Irin waɗannan ba su da malami kusa. Abin da ke riƙe da imaninsu shi ne littafin da ke hannu, da abin da ke cikin kai.

Hadda kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kowa ya ga almajiri da allonsa. Yana rubutawa, yana maimaitawa, ba ya wankewa sai karatun ya zauna. Kowa ya san mahaddacin Alƙur'ani bai tara izu 60 rana ɗaya ba, kuma ba ya barin tilawa. Kirista yana iya duban wannan himma ta maƙwabcinsa, ya yi irinta ga nasa Littafi.

Yadda Littafin ya zo cikin Hausa

Littafi Mai Tsarki ba da Hausa anka rubuta shi ba. Asalinsa da Ibrananci ne da Girkanci, da ɗan kaɗan cikin Aramiya. Mutane sun sha wahala kafin ya zo harshen da manomi ke ji.

Cikin waɗanda sunka taimaka tun farko har da wani ɗan ƙasar Damagaram, sunansa Dorugu. An kama shi bawa yana yaro, anka kai shi Borno. Can ya samu ƴanci, ya bi matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, har Ingila a 1855. A Ingila ya zauna da wani mai bishara, James Schön, yana ba shi labarai da kalmomin Hausa. A 1857 Schön ya buga Bisharar Matiyu da Hausa.

Littafin dukansa bai fito ba sai 1932. Likita Walter Miller na Zariya yana cikin manyan waɗanda sunka yi aikin. A 1979 anka fito da sabuwar fassara mai sauƙin karatu. Daga 1857 zuwa 1932 shekara 75 ke nan ana jira.

A nan Nijar, mishan ta SIM ta fara zama a Damagaram a 1924, daga baya ta zauna Tsibiri kusa da Maraɗi. A 1950 ta buɗe asibitin Galmi, kan babbar hanya tsakanin Ƙonni da Madawa. Mutanen Adar da Gobir sun san wannan asibiti, Musulmi da Kirista duka suna zuwa neman magani. Ikilisiyoyin da sunka tashi daga wannan aiki da Hausa suke karatu, da Hausa suke waƙa da addu'a. Saboda haka wanda ya iya baƙaƙen boko a ajin manya, ƙofa ta buɗe masa. Ba sai ya ji Faransanci ba.

Don me ake hadda, ga littafi a hannu?

Dalili na farko, takarda ba ta da tabbas. Gara tana cinta. Ruwan damina yana jiƙa ta. Wuta tana cinye ta. Ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 an yi tarzoma a Damagaram da Yamai. An rasa rayuka, an ƙone majami'u da yawa, littattafai sunka ƙone tare da kujeru. Hukuma da manyan malaman Musulunci sunka yi kira a kwantar da hankali. Amma littafin da ya ƙone ya riga ya ƙone. Wanda ya haddace Zabura, ranar nan bai rasa abin karantawa ba.

Dalili na biyu, ido yana tsufa. Manomin da ke karatu yau, bayan shekara 20 yana iya ganin baƙaƙe dishi-dishi. Mai jinya a kwance ba ya iya ɗaga littafi. Abin da ya ajiye cikin kai tun yana da ƙarfi, shi zai ci ranar.

Dalili na uku, jaraba ba ta sallama. Fushi yakan zo a bakin gona sa'ad da shanu sunka shiga hatsi. Kwaɗayi yakan zo a kasuwa wajen awo. A wannan lokaci ba wanda ke cewa a dakata ya je gida ya buɗe littafi. Bisharar Matiyu sura 4 ta ba da labarin Yesu Almasihu cikin jeji, bayan azumin kwana 40. Sau 3 Iblis ya jarabce shi. Sau 3 ya amsa da ayoyin Attaura, daga littafin Maimaitawar Shari'a. Kiristoci suna ɗaukar wannan abin koyi: ayar da ke cikin zuciya ita ke zuwa da sauri.

Dalili na huɗu, yara. Manzo Bulus ya rubuta wa Timoti wasiƙa, ya tuna masa cewa tun yana ƙarami ya san Littattafai. Ya ambaci bangaskiyar kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki. Mata biyu cikin gida su ne mafarin tarbiyyarsa. Macen da ta haddace aya tana iya koya wa ɗanta tana daka, tana tankaɗe, tana kan hanyar rijiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hadda ba tare da ganewa ba

Amma akwai haɗari. Mutum yana iya zuba ayoyi kamar aku, bai san abin da suke nufi ba. Cikin labarin jejin nan, Iblis ma ya ja aya daga Zabura ta 91, ya karkatar da ita don ya yaudara. Ashe riƙe aya a baki bai isa ba.

Littafin Ayyukan Manzanni sura 8 ya ba da labarin wani babban ma'aji na ƙasar Habasha. Yana cikin keken doki yana karanta littafin annabi Ishaya. Ya iya karatu sarai, amma bai gane ba, sai da Filibus ya zauna kusa da shi ya bayyana masa. Babban mutum ne, bai ji kunyar tambaya ba. A sura 17 kuma an yabi mutanen Biriya, don kowace rana suna bincika Littattafai su ga ko abin da anka yi masu wa'azi haka yake.

Manomi ya fi kowa gane wannan. Irin gero cikin rumbu yana da amfani, amma ba ya zama damma sai an kai shi gona. Yesu da kansa ya yi misali da mai shuka, cikin Markus sura 4. Wani iri ya faɗi kan hanya, wani kan dutse, wani cikin ƙaya, wani a ƙasa mai kyau. Mutumen Keita da ke noma kan fako da tsakuwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Ya san sai an fasa ƙasa, an haƙa tasa, an sa taki, sannan ruwa ke tsayawa. Nazari shi ne fasa ƙasar zuciya.

Yadda sabon mai karatu zai fara

Littafin yana da girma. Wanda ikilisiyoyin bishara ke riƙe da shi yana da littattafai 66: Tsohon Alkawari 39, Sabon Alkawari 27. Na Katolika ya ɗara haka. Kada girman ya tsorata kowa. Ga hanya mai sauƙi:

1. A fara da Bisharar Markus. Surorinta 16 ne, ita ce mafi gajarta cikin Bisharu 4, labarinta kuma a miƙe yake.

2. A karanta da murya, sannu-sannu, yatsa yana bin layi. Inda kalma ta yi wuya, a sa mata alama, a tambayi fasto ko mai bishara ranar Lahadi.

3. Bayan karatu a yi tambaya 3. Wa ke magana, da wa? Me ya faru kafin nan, me ya biyo baya? Me wannan ke nema mutum ya yi ko ya bari yau?

4. A zaɓi aya 1 tak a mako. A kwafe ta da hannu cikin littafin rubutu ko kan allo. Wannan riba biyu ce: hadda tana zama, rubutu yana gyaruwa.

5. A haddace ta tare da sunan littafi da lambar sura da ta aya. Aya ba lamba kamar akuya ce ba shaida, in ta ɓace nemanta da wuya.

6. A maimaita da safe kafin fita, da rana lokacin hutu gindin icce, da dare kafin barci.

7. Kowace Lahadi a yi bitar na baya. Miji ya ja wa mata, mata ta ja wa miji, yara su kama kuskure.

8. A tsaya kan fassara ɗaya. Kalmomin tsohuwar fassara da na sabuwa sun bambanta. Har sunaye: inda tsohuwa ta ce Matta, ta 1979 ta ce Matiyu. Mai tsalle tsakanin biyu haddarsa takan cakuɗe.

Wanda idonsa ya yi rauni, ko wanda bai gama koyon baƙaƙe ba, yana iya sauraro. Akwai karatun Littafin da Hausa da ake sa wa cikin wayar hannu. Amma waya caji take so, kuma tana faɗuwa ta fashe. Taimako ce, ba ta ɗauke wa mutum hadda.

Lissafin shekara guda

Aya 1 a mako kamar ba kome ba ce. Amma shekara mako 52 ce. Ga abin da aya 52 ke iya ɗauka:

Zabura ta 23, ta makiyayi: aya 6.
Addu'ar Ubangiji, Matiyu 6, daga 9 zuwa 13: aya 5.
Albarku na wa'azin kan dutse, Matiyu 5, daga 3 zuwa 12: aya 10.
Zabura ta 1: aya 6.
Zabura ta 121, wadda matafiya ke so: aya 8.
Dokoki Goma, Fitowa 20, daga 1 zuwa 17: aya 17.

Mai karatu ya haɗa da kansa ya gani: 52 daidai. Wanda ya fara bayan girbin bana, bayan girbin baɗi ya riƙe waɗannan duka. Wajen karatu kuma, Sabon Alkawari sura 260 ne. Mai karanta sura 1 kullum zai gama kafin wata 9. Da yayyafi kogi kan cika.

Mutanen Buza sun ga irin wannan da idonsu. Tun 1975 anka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska. Ranar dashe ƴan tsirrai ne, akuya ma tana iya gamawa da su. Sai da anka tsare su shekaru, sannan sunka zama katangar gonaki. Zabura ta 1 ta kwatanta mai nazarin shari'ar Allah dare da rana da itacen da anka dasa bakin ruwa. Dashe aikin yini ne, tsaro aikin shekaru.

Ina ake ganin girma?

Girman Kirista cikin ruhu ba a auna shi da yawan ayoyin da ya zuba gaban jama'a. Wasiƙar Yakubu sura 1 ta kwatanta mai jin Magana ba ya aikatawa da wanda ya dubi fuskarsa a madubi, ya juya, ya manta kamanninsa. Wasiƙar Galatiyawa sura 5 ta lissafa halaye 9 da ake nema ga mai bi, cikinsu har da ƙauna da haƙuri da kamun kai.

Saboda haka maƙwabta su ne ma'auni. In haddar ta shiga, za a ga tiyarsa ta awo ba ta da biyu. Za a ga ya biya bashi kan lokaci. Za a ga bai matsa iyakar gona ba. In bisashe sunka yi masa ɓarna, zai kai ƙara wurin maigari, ba zai ɗauki sanda ba. Makiyayi kuma in dabbobinsa sunka yi ɓarna, zai tsaya ya biya, ba zai gudu da dare ba. Matarsa za ta shaida, ƴaƴansa za su shaida. Wanda ya haddace umarnin ƙaunar maƙwabci, ya sani maƙwabcin nan a Madawa da Buza da Keita galibi Musulmi ne, wanda suke shan rijiya ɗaya, suke cin kasuwa ɗaya. Ayar da anka haddace don cin gardama a dandali ba ta ƙara wa kowa kome.

Rani lokacin ajin yaƙi da jahilci ne, aikin gona ya yi sauƙi. Wanda ke da Littafi cikin akwati ya fito da shi, ya kakkaɓe ƙura. Wanda ba shi da shi ya tambayi shugaban ikilisiyarsa inda ake samu. Ya nemi alƙalami da littafin rubutu, ya buɗe Zabura ta 23, ya kwafe aya ta farko a wannan mako.

Allah ya ba ƙasa lafiya da zama lafiya. Sai wata mai zuwa.