Ido Garau, Amma Ba Gani: Kada a Ɗora wa Uwa Laifi

Akwai makantar da ba a ganinta a ido. Saurayi, yawanci ɗan shekara 15 zuwa 35, sai ya fara ganin hazo a tsakiyar abin da yake kallo. Babu zafi, babu ja, babu kwantsa. Bayan makonni ko watanni, ɗaya idon ma ya bi. Yana iya tafiya daga Garu zuwa kasuwar Malanville ba sanda, domin ganin gefe yana nan, amma ba ya gane fuskar mai gaishe shi. Sai a ce ƙarya yake yi, ko an yi masa sammu.

Ba ƙarya ba ce, ba sammu ba ne. A bayan kowane ido akwai jijiya mai kai hoto zuwa ƙwaƙwalwa. In ta lalace, kamar wayar lantarki ce ta tsinke: ƙwan lafiya lau, amma ɗaki duhu. Wani likitan Jamus, Theodor Leber, ya bayyana wannan ciwo a 1871. A 1988 aka gano cewa yana cikin ƙwayoyin halittar da ake gado ta wajen uwa kaɗai. Uba mai ciwon ba ya ba 'ya'yansa. Ya fi kama maza, kuma da yawa cikin masu ɗauke da shi ba sa makancewa.

Jama'a, a nan muke roƙonku. Uwar ba ta zaɓa ba, ita ma gada ta yi. Sakinta ko yi mata gori ba zai dawo da gani ba, sai dai ya raba yaron da mai kula da shi.

Ga abin da ya fi. A kai shi wurin likitan ido da wuri, domin akwai cututtuka masu kama da wannan da suke da magani. In an tura ku babban asibiti, kamar Asibitin Ido na ECWA a Kano, ku je. Kada a bar kowa ya soka masa allura a ido, ba yana ba ce. Shi da duk dangin uwarsa su guji taba da giya, domin suna ƙara haɗarin.

Kuɗin da za a kashe wajen karya sammu, a ba shi jari. Idonsa ne ya raunana, hankalinsa da hannunsa suna nan.