Kuɗin Ruwan da Ke Sauka da Kiran Waya Ɗaya

Akwai wata shawara da masu ba da nasiha kan harkar kuɗi a Amurka ba sa gajiya da maimaitawa: in kuɗin ruwan katin bashinka ya yi maka nauyi, ɗauki waya, kira lambar da ke bayan katin, ka nemi a rage maka. Shawarar tana aiki. Kamfanin LendingTree, wanda ya sha gudanar da bincike a kan haka, ya yi ta samun sakamako iri guda: yawancin waɗanda suka nema sun samu ragi, amma yawancin masu katin ba su taɓa nema ba. Masu nasihar kan kawo wannan a matsayin albishir. Ni kuwa ina ganin shaida ce da ke tona asirin bankunan, kuma yadda ake yayata ta yana kawar da idon jama'a daga inda ɓarnar take.

Mu fara da yadda ake yanka farashin. Kuɗin ruwan yawancin katunan Amurka hawa biyu ne. Na farko shi ne ma'aunin tushe, wanda ke bin sawun Babban Bankin Amurka da tazarar maki 3 a sama. Daga Yulin 2023 zuwa Satumbar 2024 yana kan kashi 8.5 cikin ɗari. Na biyu shi ne ƙarin da bankin da ya ba da katin ke ɗorawa da kansa. Duk lokacin da aka yi kuka da tsadar bashi, bankuna kan nuna Babban Banki da yatsa. To amma hukumar CFPB, wadda aka kafa don kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi, ta bayyana a farkon 2024 cewa wannan ƙari na bankuna ya tashi daga kashi 9.6 a 2013 zuwa kashi 14.3 a 2023. Wannan hawan ba Babban Banki ne ya yi shi ba. Da aka haɗa biyun, matsakaicin kuɗin ruwan kati ya haura kashi 20, a daidai shekarar da jimillar bashin katunan ƙasar ta zarce dala tiriliyan 1. Hukumar ta kuma ce a 2022 kaɗai kamfanonin sun caji masu kati fiye da dala biliyan 105 na ruwa.

Ga abin da hakan ke nufi a aljihun mutum guda. A ce ana bin ka dala 6,000 a kan kashi 24. Ruwan wata ɗaya dala 120 ne. Bankuna da yawa kan sa mafi ƙarancin biyan wata ya zama ruwan da ya taru haɗe da kashi 1 na uwar kuɗin, wato dala 180 ke nan, kuma kashi biyu bisa uku na wannan ba su taɓa bashin ba. In ka kira aka mayar da kai kashi 18, ruwan wata ya koma dala 90, ka tsira da kusan dala 360 a shekara. Kuɗi ne na gaske, kuma ba zan ce wa kowa ya bar su ba.

Sai dai a tsaya a yi tambaya: in banki zai iya sauke maki shida cikin minti goma, ba tare da albashinka ya ƙaru ko halinka ya sauya ba, me waɗannan maki shidan suke yi a kanka tun da farko? Hujjar da bankuna ke kafawa ita ce kuɗin ruwa gwargwadon haɗari ne, wanda ake tsoron zai gaza biya shi ke biyan mai yawa. Haɗarinka kafin ka ɗaga waya da bayan ka ajiye ta duk ɗaya ne. Abin da ya sauya kawai shi ne bankin ya fahimci ka farka, kuma kana iya kwashe bashinka ka kai wa wani. Ashe ke nan wani yanki na abin da ake karɓa a hannunka kuɗin shirunka ne.

Wani zai ce ai haka kasuwa take, mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har a sallama. Bahaushen da ya saba da Kantin Kwari ko kasuwar Kurmi ba ya biyan kuɗin farko da aka faɗa masa. Gaskiya ne, amma a can kowa ya san ana ciniki, kuma in farashin bai yi maka ba sai ka wuce rumfar gaba, kuɗinka na aljihunka. Mai katin bashi ya riga ya karɓi kayan, ruwan yana taruwa kullum, kuma takardar da ke zuwa masa duk wata ba ta taɓa gaya masa cewa lambar da ke jiki abar tayawa ce ba. Cinikin da ɓangare ɗaya kaɗai ya san ana yin sa, sunansa cuta.

Sannan a dubi waɗanda ke cin moriyar kiran. Ma'aikacin da ya amsa wayar yana duba makinka na cancantar bashi, wanda a ma'aunin FICO yake tsakanin 300 da 850, da daɗewarka tare da su, da yadda kake biya a kan lokaci. Mai maki sama, wanda wasu bankunan ke zawarcinsa da tayin mayar da bashinsa wurinsu ba ruwa na wasu watanni, shi ke da bakin magana. Wanda ya makara sau biyu saboda an rage masa awannin aiki, ko katinsa ya cika har baki, shi za a ba haƙuri. Baƙon da bai daɗe da sauka ba, irin 'yan uwanmu direbobi da ma'aikatan jinya a New York, waɗanda tilas ta sa suka karɓi kati domin samun hayar gida ko mota yana wuya ba tare da tarihin bashi ba, su ma suna can ƙarshen layi: tarihinsu gajere ne, kuma ja-in-ja ta waya cikin harshen da ba nasu ba yana da nasa nauyin. Maganin da ya fi yi wa mai sauƙin ciwo aiki, ya bar mai jin jiki a kwance, bai cancanci a kira shi magani ba. Duk da haka, idan mutum ya nutse a bashi sai ka ji ana cewa ai bai kira ba ne, bai san dabara ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Wannan hali ba daga sama ya faɗo ba, yana da tarihi. A da, jihohin Amurka suna da dokokin da suka ƙayyade iyakar kuɗin ruwa. A 1978 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Marquette, tsakanin wani banki na Minnesota da wani na Nebraska, cewa bankin da ke da lasisin tarayya yana iya cajin abokan hulɗarsa na kowace jiha gwargwadon abin da dokar jiharsa ta yarda. Nan take ƙofa ta buɗe. Dakota ta Kudu ta soke iyakarta a 1980, Citibank ya kwashi sashen katunansa ya koma birnin Sioux Falls a 1981, jihar Delaware ma ta bi sahu a shekarar. Tun daga nan dokar jihar da kake zaune ba ta iya kare ka daga bankin da ya yi rajista a can. Abin da doka ta taɓa ba kowa a matsayin haƙƙi, yau an mayar da shi alfarmar da ake roƙa a waya.

Masu kare bankuna suna da amsa ɗaya mai ƙarfi, kuma ya kamata a saurare ta: in aka sa iyaka, bankuna za su daina ba masu ƙaramin maki kati, su kuma su faɗa hannun masu bashin ranar albashi, waɗanda ruwansu kan kai ɗaruruwa cikin ɗari a shekara. Game da iyakar kashi 10 da Sanata Bernie Sanders da Sanata Josh Hawley suka gabatar a 2025, wannan fargaba tana da tushe. Amma hujja ce a kan inda za a ja layin, ba ta rushe jan layin kansa ba. Ƙungiyoyin ajiya da lamuni na mambobi masu lasisin tarayya sun shafe shekaru da dama a ƙarƙashin iyakar kashi 18, kuma suna ba da kati har yau. Majalisar dokoki ta sa wa bashin da ake ba sojoji iyakar kashi 36 tun 2006. Ƙasar da ta yarda cewa akwai ruwan da ya fi ƙarfin soja ba ta da dalilin cewa mai share asibiti zai iya ɗaukarsa.

Akwai ma gyaran da bai kai iyaka tsauri ba. Dokar katin bashi ta 2009, wadda Shugaba Obama ya sa wa hannu, ta wajabta wa banki sanar da mutum kwana 45 kafin ya ƙara masa ruwa, ta kuma ce in ya ƙara, to ya sake duba asusun duk bayan wata shida, ya rage in dalilin ƙarin ya gushe. Giɓin shi ne wanda aka fara da shi a kan farashi mai tsada bai shiga wannan duba ba, ko da ya shekara biyar bai makara ba. A faɗaɗa dokar ta haɗa da kowa. Bankin yana ganin makinka duk wata, kuma yakan lura da sauri in ya faɗi. Injin da ke gane faɗuwa ba zai kasa gane tashi ba.

Kafin a kai can, bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mai ɗauke da shi ba zai jira majalisa ba. Ka kira. Ka san makinka da ruwan da kake biya tun kafin ka ɗaga wayar, ka riƙe tayin wani banki a hannu, ka faɗi adadin da kake so. In na farko ya ƙi, ka nemi sashen da ke hana abokan hulɗa tafiya. In kana cikin matsi, ka tambayi shirin sassauci na masu wahala. In za ka mayar da bashin wani banki, ka lissafa ladan mayarwar, wanda yawanci kashi 3 zuwa 5 ne. In an rage maka, ka ci gaba da biyan adadin da ka saba, domin rarar ta ci uwar kuɗin. Kuma kada ka yi dogon godiya. Abin da aka sauke maka kuɗi ne da bankin ya san tun tuni yana iya yafewa ya kuma ci riba, kuma yana nan yana karɓarsa daga maƙwabcinka da bai kira ba.