Zafin Rana Ba Hujja Ba Ne

Jama'a, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mahaya babur na ƙasarmu, wadda ya kamata mu ɗora ta bisa sikeli mu ga nauyinta. Ka tambayi mutum, “Malam, ina hular kwanonka?” Sai ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce, “Haba, cikin wannan zafi?” Shi ke nan, a ganinsa ya kashe bakinka. To, ni bakina bai mutu ba. Na ce wannan magana ba hujja ba ce, ganda ce aka naɗa mata rawani.

Ba na musun zafi. Duk wanda ya taɓa yin bazara a Sakkwato, ko Maiduguri, ko Yamai, ya san cikin watan Afrilu ma'aunin zafi yakan haye digiri 40, kwalta ta yi zafin da ba mai iya taka ta ba takalmi. Amma ku jira hunturu ya kama, ku fita da sassafe ku dubi waɗannan mutane. Za ku ga kowa ya jibga rigar sanyi, ya sa safar hannu, ya naɗe kunnuwa da hanci, ba a ganin kome sai idanu. Wa ya tilasta masa? Ba kowa, tsoron mura ne. Ashe dai mutum yana iya ɗaukar nauyin tufafi in ya ji tsoron abu. Abin mamaki, ya ji tsoron majina, bai ji tsoron fashewar kai ba.

Bari mu yi ɗan lissafi, tun da yanzu duk mun iya. Mutumin da ke gudun kilomita 50 cikin awa, in ya yi karo da bango ko gefen mota, daidai yake da wanda ya faɗo daga bisa abu mai tsawon mita 10. Ku kwatanta da mutum ya suɓuto daga kan dogon dabino. Kilomita 50 kuwa ba wani gudu ba ne wurin samarinmu. Mai mota yana da ƙarfe kewaye da shi, mai babur kuwa jikinsa ne bodin motarsa. In ƙafa ta karye, akwai mai ɗori, akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. In fata ta saluɓe, za ta warke ko da da tabo. Amma wa ya taɓa jin an ɗora ƙwaƙwalwa? Wanda ta bugu ƙwarai, in ya tsira da rai, sau da yawa sai ka ga ya tashi da shanyewar jiki, ko farfaɗiya, ko mantuwa, ko ya zama ba ya gane 'ya'yansa. Magidanci mai ciyar da mutum takwas ya koma shi ake ba abinci a baki.

Hular kwano ta ainihi hawa biyu gare ta. Na waje ɓawo ne mai tauri, wanda ke baza ƙarfin bugu, ya kuma hana dutse ko ƙarfe huda kai. Na ciki wani irin soso ne mai ƙarfi, wanda ke lotsewa sa'ad da aka bugu, ya shanye wahalar da da ƙwaƙwalwa ce za ta sha. Saboda haka ne hular da ta taɓa shan babban bugu ta gama aikinta, ko da ba a ga tsaga a waje ba, sai a sake wata. A shekarar 2008 masana suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe dabam dabam, suka tarar hular tana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin ɗari, haɗarin raunin kai kuwa da kashi 69 cikin ɗari. Da a ce wani boka ne ya fito da laya mai wannan ƙarfi, da layin gidansa ya kai bakin kasuwa.

Asalin wannan ilimi ma daga mutuwar wani mashahuri ya taso. A watan Mayu na 1935 wani Baturen Ingila, T. E. Lawrence, wanda ya yi suna wajen yaƙi tare da Larabawa, yana bisa babur ya kauce wa yara biyu masu kekuna, ya faɗi kansa ba hula. Bayan kwana shida ya mutu, yana da shekara 46. Ɗaya daga cikin likitocin da suka duba shi, Hugh Cairns, abin ya tsaya masa a rai, ya shiga binciken mutuwar sojoji masu kai saƙo bisa babur. A 1941 sojan Ingila suka wajabta wa mahayansu hula, a 1973 kuma aka yi doka bisa kowa a ƙasar.

Na san abin da wani zai ce: ai Ingila ƙasar sanyi ce. To, mu bar ta, mu tafi Biyetnam, can kudu maso gabashin Asiya, ƙasar zafi da gumi, inda babur ya fi mota yawa nesa ba kusa ba. Mutanenta ma da ba'a suke yi, suna kiran hular tukunyar dafa shinkafa. A watan Disamba na 2007 hukumarsu ta kafa doka ta tsaya a kanta, aka kuma wadata kasuwa da huluna marasa nauyi masu kafofin iska. Cikin ɗan lokaci sai ga fiye da mutum tara cikin goma sanye da hula a titunan biranensu. Ranarsu ba ta yi sanyi ba, ra'ayinsu ne ya sauya.

Yanzu ga inda masu hujjar zafi suka fi ɓata. Suna tsammani in mutum ya tuɓe, daga shi sai singileti, iska za ta sanyaya shi. Wannan gaskiya ne muddin iskar ta fi fatar jiki sanyi. Zafin fatar mutum kuwa wajen digiri 34 ne ko 35. In iska ta kai 42, to, ba fifita take yi maka ba, hura maka wuta take yi, kamar zugazugin maƙeri. Tana busar da zufa nan da nan, rana kuma na dukan fata kai tsaye, ruwan jiki na ƙarewa ba ka sani ba. Daga nan sai ciwon kai, sai jiri, sai ganin hanya bibbiyu. Wanda ya rufe jikinsa da tufa mai haske, wadda iska ke ratsawa kaɗan kaɗan, shi zufarsa ke bushewa sannu tana sanyaya shi. In kuna shakka, ku dubi Buzaye. Wa ya fi su sanin rana? Kun taɓa ganin Buzu ya ratsa hamada daga Agadas zuwa Bilma da singileti? Rufe yake ruf, daga kai har ƙafa, ba kuwa don sanyin rana ba.

Kakanninmu ma ba su san wannan raki ba. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Lifidi tufa ce mai kauri da aka cusa wa auduga, doki da mahayi duk a sa musu. Yaƙi kuwa galibi da rani ake fita. Barde ya sa sulke, ya ɗora kwalkwali, ya yini cikin rana, ba a taɓa jin an kira shi matsoraci ba. Har yau in an yi hawan salla muna tsayawa mu yi wa 'yan lifida kirari. Yaya za mu yaba wa kwalkwali bisa doki, sa'an nan mu yi masa dariya bisa babur, alhali babur ya fi doki gudu, kwalta kuma ta fi rairayi tauri?

Abin da ya faru a 2009 ya isa abin kunya. Ran 1 ga Janairu Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa hula a Nijeriya. Sai ga waɗansu 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙwarya a ka, waɗansu tukunya, waɗansu bokitin fenti, an ɗaura da igiya. Labari ya kai har gidajen rediyon ƙasashen waje, duniya ta yi ta dariya. Aka kuma baza jita-jita wai ana sa asiri cikin hular, fasinja ya sa ya fita hayyacinsa. Masu tsoron kwarkwata da makero su suna da 'yar gaskiya, maganinsu kuwa ƙyalle mai tsabta a ƙarƙashin hular. Amma mai ƙwarya wa ya cuta? Ɗan sanda ya koma gida da kansa lafiya lau.

'Yan'uwan mai ƙwarya suna nan har yanzu. Akwai mai sa hular magina, wadda aka yi don tsare kai daga faɗowar bulo, ba don faɗuwa daga babur ba. Akwai mai rataya hula a madubi sai ya hango jami'ai. Akwai mai sa ta bai ɗaure igiyar haɓa ba, ranar tsautsayi hula ta yi gabas, kai ya yi yamma. Akwai kuma mai cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Shi wannan malami, in dare ya yi, yakan sa wa babur ɗin kwaɗo biyu ya shigar da shi zaure. Ashe ƙaddara ba ta hana tsaron babur, sai tsaron kai?

Ba kai kaɗai ke bukatar tsaro ba. In mutum ya faɗi, tafin hannu yake fara kaiwa ƙasa, don haka safar hannu ba ado ba ce. Silifas kuwa tun kafin a kai ƙasa ya tashi sama, sai takalmi sau-ciki mai rufe idon sawu. Wando mai kauri ya fi yadi mai shara-shara, ga kuma salansa da ke toya ƙauri. Babbar riga da gyale da dogon hijabi, in ba a tattare su ba, sarƙa ko taya na iya cafke su ta fizgo mutum ƙasa. Yanzu ana ɗinka rigunan babur na raga domin ƙasashen zafi, masu matashi a kafaɗa da gwiwar hannu da gadon baya. Wanda ya sami hali ya saya. Ya zaɓi farar hula mai kafofin iska, ya sha ruwa kafin ya ji ƙishirwa, ya jiƙa 'yar cikinsa in tafiyar da nisa, ya tuɓe hular in ya tsaya a inuwa. Tafiyar da za ta yiwu da hantsi ko bayan la'asar, kada a kai ta tsakar rana, balle da azumi a baki.

Saura maganar kuɗi, ita ce kaɗai hujjar da nake saurara da ladabi. Hula ta ƙwarai tana da tsada ga talaka, ta banza kuwa ta cika kasuwa. Nan laifin ya hau kan manya. Mai kuɗin da ke saya wa yaro babur yana karɓar balas kowace yamma, me zai hana ya haɗa masa da hula biyu, tasa da ta fasinja? Dillalan babura su sa kuɗin hula cikin kuɗin babur, kada a fitar da ɗaya ba ɗaya. Ƙungiyoyin 'yan acaɓa da 'yan kabu-kabu, da ke karɓar kuɗin tikiti kullum, su sayo da yawa su ba 'ya'yansu bashi a biya kaɗan kaɗan. Hukuma kuma ta tsare bakin iyaka da kasuwa daga hulunan roba da ke fashewa kamar ƙwai, ta sa a kawo ƙanana daidai kan yara, gama kowace safiya ana ɗora 'yan makaranta uku uku bisa babur ɗaya, na gaba yana zaune a kan tanki.