Masu Gidajen Haya a Tunisiya: Fuska Suke Dubawa

A ranar 21 ga Fabrairun 2023 ne shugaban Tunisiya, Kais Saied, ya ce kwararar baƙi daga ƙasashen kudu da Sahara maƙarƙashiya ce ta sauya asalin al'ummar ƙasarsa. Ba a yi kwanaki ba sai masu gidajen haya, musamman a birnin Tunis, suka fara watso wa baƙaƙen fata kayansu waje. Mata da goyo suka koma kwana a tanti a ƙofar ofishin hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, katifa da tukwane zube a gefen titi, ga sanyin hunturu. Sai da Gini da Mali da Kwaddebuwa suka aika jirage suka kwashi mutanensu.

Hujjar masu gidajen ita ce tsoron dokar 2004, wadda ke hukunta duk wanda ya ba baƙon haure masauki. Mu dai wannan hujja ba ta gamsar da mu ba. Cikin waɗanda aka kora akwai ɗaliban jami'a masu cikakkun takardu, waɗanda ke biyan haya ba fashi. Wanda ke tsoron doka takarda yake nema ya gani. Waɗannan kuwa fuska suka duba, suka yanke hukunci.

Abin takaicin shi ne Tunisiya ba ta rasa doka ba. Ita ce ta soke bauta tun 1846, kuma a Oktoban 2018 majalisarta ta zartar da dokar haramta wariyar launin fata, mai hukuncin ɗaurin wata ɗaya zuwa shekara ɗaya da tara. To, wa zai kai ƙara? Mutumin da ba shi da wurin kwana yau, mai fargabar ɗan sanda ya tsare shi gobe, ba zai doshi kotu ba. Mai gida ya san haka, shi ya sa yake cin karensa babu babbaka.

Mu ma nan gida ba wankakku ba ne. A manyan biranenmu dillali kan tambayi ƙabila da addini kafin ya ɗauko makulli.

Tarayyar Afirka ta yi tir da kalaman Saied a lokacin, amma tir ba ya mayar da kowa ɗakinsa. Muna kira ga gwamnatocin Nijeriya da Nijar da maƙwabtansu su umarci ofisoshin jakadancinsu su riƙa karɓar koken duk wanda aka hana haya saboda launinsa, su ɗaukar masa lauya, su matsa wa Tunisiya ta yi aiki da dokar da ta rubuta da hannunta.